Azumin da Inna Ta Reni Ɗan Giwa

Bana zafin Alƙahira ya zo da nauyi. Tun ƙarfe tara na safe bangon ɗakinmu da ke hawa na biyar a unguwar Ainu Shams yake ɗaukar zafi kamar tanda, iskar fanka kuma ba ta da maraba da hucin murhu. Shekarata ashirin da shida a garin nan, tun da mijina Malam ya zo karatu ya zarce da yi wa marasa lafiyar da ke zuwa daga gida tafinta a asibitoci, amma har yau in watan Agusta ya kama sai jikina ya fara jiran ruwa. Nan kuwa ba a ruwa a Agusta. Sama fayau, ko gajimare ɗaya babu.

A cikin wannan zafin Nusaiba take aiko mini da ruwan sama ta waya. Ita ce autata, a nan aka haife ta, tana karatun likitan dabbobi. Hutun bana ta bi malamarsu da 'yan ajinsu mata uku zuwa ƙasar Tailan, aikin sa kai a wani gandu da ake tara giwayen da aka ƙwato daga hannun masu sa su jan gungume da ɗaukar 'yan yawon buɗe ido. Mako shida aka ce mini. Mako shidan ya cika, sauran suna haɗa kaya, ita kuma ta ce masu gandun sun yarda ta zauna har ƙarshen shekara, makaranta ma ta amince. Malam ya ce shi bai hana ba, amma ta tambayi uwarta. Ranar Alhamis za a tabbatar da kujerun jirgi. Maganar ta rage a bakina.

Kullum sai ta turo hoton bidiyo. Ga ruwa yana zuba a kan ganyen ayaba, ga ta cikin dogon hijabi da takalmin roba, tsugune gaban wata tsohuwar giwa da haƙoranta suka cinye. Tana cura mata dafaffiyar shinkafa da ayaba, tana sa mata a baki ɗaya bayan ɗaya. Ta gama ta jawo wani ƙaton baho na ruwan ɗumi da magani, ta lallaɓa ƙafar dabbar ciki, tana goge mata tsagar tafin ƙafa da burushi, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa.

"Umma, kin ga ƙafar? Ta fara haɗewa."

"Na gani. Ya jikin gwaggon taki?"

"Kai Umma."

"To ai gwaggonki ce. Ni da na haife ki, kaushin dugadugina ya shekara nawa, ko man kaɗanya kin taɓa shafa mini?"

Ta yi dariya, ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, in ta dawo za ta yi mini. Ni ma na yi dariyar, na ajiye wayar, na zauna ina kallon ƙafata. Na yi istigfari, don na san abin da ke cina. Mace mai jikoki tana kishi da dabba. Abin kunya ne, kuma ba yau na fara ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Bauchi, a bakin dajin gwamnati. Shekarar da na fara wannan kishin ina da sha ɗaya, azumi ya faɗo tsakiyar damina. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai yi ido ba, don haka tun kafin shuka rumbunmu ya koma wurin kwanan kaji. Inna takan aiko ni da ƙannena mu tsinko tafasa da rama da yaɗiya a bayan gari. A dafa, a matse, a barbaɗa gishiri, ƙuli-ƙuli kuwa sai ranar kasuwa in an dace. Sahur tuwon dusa ne, mai kartar maƙogwaro. Kunun buɗa-baki tsararo, in ka leƙa ƙwaryar kana hango fuskarka. Maza suna noman maimai da azumi a baki, su dawo da azahar su zube ƙarƙashin ɗorawa ba mai iya magana.

Ruwa kuwa a shekarar kamar yana biyan bashin bara. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta kwantar da dawa, sannan ya sauko kwana da wuni. Ɗakuna suna yoyo, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika madafa har idon Inna ya zama ja. Amma ba mai ƙorafi, don geron ya yi kyau irin wanda Baba ya ce rabonsa da gani tun yana saurayi. Ya fitar da kai, ya fara ido. Kullum da yamma sai mun je mun latsa zangarniya da farce, muna lissafin kwanakin da suka rage mu fara gasa tumu.

A wannan shekarar na ce zan yi azumi cikakke, ba rabi ba. Baba ya ji daɗi har yana faɗa a masallaci. Inna kuwa ba ta yaba mini ba. Ni ce 'yar fari, a wajenmu kuwa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. "Ke" take ce mini, in tana ba wani labarina ta ce "yarinyar nan". Na san kunya ce, kowace uwa haka take yi. Sanin bai hana ni son in ji sunana a bakinta ba. Ga shi kuma wata biyu kafin azumi goyonta ya rasu, namiji, ɗan wata bakwai, zazzaɓin kwana uku. Tun daga nan ta ƙara yin shiru.

Giwaye sun saba fitowa in amfani ya nuna, kuma mutanenmu suna da dabararsu. A cura kashin shanu da barkono a shanya don a ƙona hayaƙin ya kore su, a ɗaura gwangwanaye a igiya, samari su kwana a kan rumfunan gadi. Amma a damina irin wannan curin bai bushe ba, ya ƙi kama wuta. Ranar tara ga azumi, muna tsakiyar sahur, muka ji gwangwanaye da ihu daga fadama. Kafin gari ya waye garken ya bi ta gonaki bakwai, tamu ce ta biyu. Da hantsi na bi Baba. Abin da ba su ci ba sun tattake, sawunsu kamar an kafa turame a cikin laka, kowanne cike da ruwa. Baba ya tsinci zangarniya ɗaya, ya kakkaɓe ta, ya sa a aljihu. Ya ce innalillahi sau ɗaya, bai ƙara ba.

A hanyar komawa aka ji kuka daga ramin da ake haƙar ƙasar gini. Ɗan giwa ne ya zame ciki, laka ta riƙe shi har wuya. Bakin ramin duk uwar ta farfasa shi da ƙoƙarin ciro shi, ihu da wuta suka kore ta. Wasu suka ce a yanka, ko banza an rage asara. Liman ya ce jariri ne, bai ci geron kowa ba. Ma'aikacin daji ya iso a kan keke ya ce dabbar gwamnati ce, wanda ya taɓa ta zai kwana a gidan yari. Sai ga mutanen da aka cinye wa gona sun tuɓe riguna, da azumi a bakinsu, sun yi gayya da igiyoyin rijiya suna jan ɗan ɓarawon nasu. Aka fito da shi wajen la'asar. Tsayinsa bai wuce ƙugun Baba ba, jikinsa duk gashi tsilli-tsilli, hancin yana lilo kamar bai san nasa ba ne.

Ma'aikacin ya ce za a turo babbar mota daga birni, amma kogi ya cika, sai ya janye. Kafin nan a ajiye shi a garken Baba, tunda shanunmu biyu an sayar tun bazara. Mai gari ya roƙi Arɗon rugar Fulanin da ke kusa da mu, aka yanka cewa kowace safiya za a ba da ƙwarya guda ta madara, sabuwar tatsa. Kowa ya ce an kyauta. Jariri dai madara yake sha, kuma a duniyarmu babu abin da ya fi madarar saniya.

Ya ƙi sha a hannun kowa. Aka gwada akushi, aka gwada buta, yana ture su yana kuka. Inna tana tsaye daga bakin zana tana kallo, sai ta shigo. Ta tsoma yatsunta a madarar ta sa masa a baki. Ya kama tsotsa. Ya ɗaga hancin nan ya ɗora a wuyanta, ya lalubi kunnenta, ya yi luf. Ta sa aka kawo gora, ta naɗe bakinta da tsumma, ta zura ta gefen yatsun. Ya shanye tas.

"Sannu Baƙo," in ji ta. "Sannu, ka sha wuya."

Daga ranar Inna ta koma garke. Ta sa Baba ya yi masa rumfa don kada rana ta ƙona masa kunne. In an yi ruwa ta lulluɓe shi da zanen goyon marigayi. Tana tankaɗe yana tsaye a bayanta, tana salla yana jan gefen mayafinta. Baƙo kaza, Baƙo kaza, sau hamsin a wuni. Har waƙar reno na ji tana yi masa, wadda ban san ta iya ba. Mata suna zuwa kallo suna cewa Allah ya mayar mata da ɗa, tana murmushi. Rabona da ganin haƙoranta tun kafin rasuwar.

Ni kuma aka ɗora mini ɗauko madarar.

Rugar tana hayin wani ɗan rafi, tafiyar kamar rabin awa. In tafi da sassafe cikin raɓa, ciyawa tana jiƙa ni har ƙirji, cikina yana kiran tuwon dusar da ya riga ya narke. Matar Arɗo ta miƙo mini ƙwaryar da ɗuminta, kumfa a sama, ta rufe da faifai. Ƙamshin nan yana bina duk hanya. Wata biyar rabon gidanmu da ko nonon tsami. Kwana biyu na daure. A na uku na tsaya a bakin rafi, na sauke ƙwaryar, na ce kumfar kawai zan lasa. Ban ɗago ba sai da na sha kusan kashi ɗaya cikin uku. Na kamfaci ruwan rafi na cike gurbin, na goge bakina da ganye, na ɗauka.

Ba zan ce yunwa ce kaɗai ba. Da yunwa ce da na ji nadama a ranar. Abin da na ji daɗi ne, har cikin raina, da na ga Inna tana ɗura masa ruwan rafi tana cewa sha Baƙo. Kullum haka na riƙa yi. Da magariba kuma in zauna a layin masu azumi, Baba ya miƙo mini kunu kafin kowa yana cewa, "A fara ba malama."

Gudawa ta kama shi. Inna ta ce madarar ce ba ta isarsa, ta je da kanta wurin Arɗo aka ƙara rabin ƙwarya. Ta ɗauki tasar aurenta guda ta ba matar Arɗo, aka ba ta man shanu, tana narkawa tana zuba masa don ya yi ƙarfi. Ta jiƙa masa saiwoyin da ake ba yara. Kumatunsa suka faɗa, fatar ta saki kamar rigar aro. Ya daina binta, sai dai ya miƙo hancin ya riƙe mata yatsa. Ni na san abin da ke damunsa, ko in ce na ɗauka na sani. Na daina sha, na daina ƙara ruwa, na riƙa kawo madarar cike da kaurinta. Sai ya ƙara lalacewa. Na ce a raina na makara.

Ya mutu ranar ashirin da shida ga azumi, da hantsi, ana yayyafi. Motar ta iso bayan kwana biyu. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta ninke zanen, ta wanke gorar ta rataye. Da maƙwabciyarmu ta shigo yi mata sannu, ina bakin murhu ina jinsu, sai Inna ta ce, "Hannuna ne bana ba ya riƙe yaro."

Na so in tashi in faɗa. Ban tashi ba. Muka yi salla da tsofaffin kaya, muka ƙarasa daminar da ganye da ɗan waken da giwaye suka tsallake, kaka ta yi Baba ya tafi cirani. Na girma, na yi sakandare, na yi aure, na rama azumin nan har sau biyu duk da malamai sun ce ba ya kaina. Inna ta rasu shekara tara da suka wuce, ina nan, ban faɗa mata ba. Ko Malam bai sani ba.

Ranar Laraba da hantsi aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, na zauna a ƙasan tayil na kira Nusaiba ta bidiyo. Niyyata in ce ta dawo. Na shirya hujjata, cewa na san giwa tun kafin a haife ta, na san abin da take yi wa gida. Na fara daga gonar Baba. Ban san yadda aka yi ba na zarce har bakin rafi.

Tana saurare, ruwa yana bugun kwanon rufin da take ƙarƙashinsa. Sai ta ce, "Umma, tsaya. Madarar shanu kuka ba shi? Zalla?"

"Sabuwar tatsa. Har da man shanu."

"Wayyo. Umma, ai cikinsu ba ya ɗaukar maiƙon madarar shanu. Shi ne abu na farko da aka koya mana a nan. Gudawa take sa su har su mutu. Ko ba ki taɓa ƙwaryar ba, da wuya ya kai sallar."

"Ruwan rafin fa?"

"Ban ce ruwan rafi alheri ba ne. Amma tsarkin da kika yi wa madarar da ruwa, in ma ya yi wani abu, sauƙi ya yi masa. Ba ke ba ce, Umma. Ba kowa ba ne. Ba su sani ba ne kawai."

Shekara arba'in da wani abu ina ɗauke da abu, yarinyar da na yi wa tsarki ta sauke shi da magana uku. Na jira in ji sanyi. Abin da ya fara zo mini Inna ce a tsugune tana narka man shanu a ludayi, da tasar aurenta da ta bayar. Na gode wa Allah da ya ɗauke ta ba ta ji wannan ba. Sai kuma na ce ina ma ta ji, ko ta daina zargin hannunta. Har yanzu ban san wanne ya fi ba.

Na ɗago na ga Nusaiba tana share ido da gefen hijabi.

"Allah sarki," ta ce. "Wata nawa ne shi? Ya aka ce sunansa?"

Nan kishin ya motsa mini, sabo fil kamar ina bakin zana.

"Sunansa Baƙo. Na ba ki labarin yarinya 'yar sha ɗaya da ta wuni da tuwon dusa a ciki, uwarta ba ta ko kiran sunanta, ke kuma giwar kike wa kuka. Kakarki haka, ke ma haka. Ni wai me giwa take da shi ne?"

Ban taɓa yi mata magana da wannan muryar ba. Na kashe wayar don kada in ƙara.

Malam ya dawo da azahar ya same ni a inda nake. Na ba shi labarin duka, na rafi da na waya. Ya ajiye carbinsa ya ce, "To yanzu hukuncin wa za ki yanke, na yarinyar ko na giwar?" Na ce ya ci abincinsa.

Na yi salla, na daɗe a kan darduma. Na duba hujjar da zan hana ta, na ga ba ni da ko ɗaya da zan iya faɗa a gaban Ubangijina. Wurin mata ne, an ba ta ɗakinta, tana sallarta. Abin da ya rage kawai ina so a tsuguna a gabana ni ma. Kuma na tuna garinmu guda, da liman da mai gari da ma'aikacin daji, an rasa mutum ɗaya da ya san abin da yarinyar nan ta sani.

Da la'asar na tura mata saƙon murya. Na ce ta zauna, Allah ya yi mata albarka, ya tsare ta. Na ce amma kada ta ɗauka na huce da gwaggonta, ban huce ba. Kuma sharaɗina ɗaya, in ta kira ni, ni za ta fara tambaya kafin ta nuna mini ƙafar kowa.

Washegari ina idar da azkar ɗin safe wayar ta yi ƙara. Idonta a kumbure.

"Umma, ina kwana. Me kika ci jiya da dare?"

Na gyara zama. Na ce wake na dafa da ɗan mai, sai burodi, sai mangwaron da babanta ya sayo a bakin tashar jirgin ƙasa. Ina cikin faɗa wata giwa ta yi kuka a bayanta. Na ga idonta ya zame gefe, kafaɗarta ta motsa za ta juya. Ta dawo da fuskarta, ta riƙe ta a kaina da ƙarfi, kamar mai ɗauke da tulu cike.

"Ina jinki, Umma. Mangwaron ya yi zaƙi?"

Bai yi ba, da tsami. Amma na ja labarinsa, tun daga ɓawo har ƙwallo, ban yi sauri ba.